Kasadar ƙanena hali ce ko ciwo? Ina neman shawara

BabbarYaya
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, yau dai dole ta sa na yi magana. Ƙanena ne, shekararsa 27, yana sayar da atamfa da shadda. Tun yana ƙarami shi ne mai hawa bishiyar da sauran yara ke tsoro, shi ne mai faɗawa kududdufi da damina alhali bai iya ruwa ba. Da ya shiga kasuwa ma bai canza ba. Kayan da kowa ya guda shi zai kwasa bashi, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya sha ƙasa. Mu dai cewa muke yi halinsa ne.

Bara bayan ƙaramar salla ya samu cinikin anko na wani babban biki, ya ci ribar da bai taɓa ci ba. Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ƙarfe uku na dare za ka ji shi a tsakar gida yana waya yana lissafi da ƙarfi, da asuba kuma ya fita garau kamar wanda ya yi barci ya ƙoshi. Cikin kwana goma ya kama hayar shaguna uku, ya sayi adaidaita sahu biyu ba shi da direba ko ɗaya, ya raba wa almajiran layinmu kuɗi, ya sayar da filin da Baba ya bar masa a rabin kuɗinsa. Wata rana da tsakar dare ya ɗauki motar abokinsa ya kama hanyar Kaduna, wai akwai attajirin da ke jiransa. Babu wani attajiri. Da na ce ya zauna ya ci abinci, sai ya dube ni idonsa jajir yana dariya ya ce, "Yaya, ke ba ki san wanda Allah ya ba ki a matsayin ƙane ba."

A asibiti likita ya ce baifola ce, wato ciwon ƙwaƙwalwa da ke sa yanayin mutum ya yi sama ya kuma yi ƙasa, kuma abin da muka gani shi ake kira maniya. Yanzu wata takwas ke nan yana shan magani, ya dawo hayyacinsa. Yana so Umma ta ba shi jari daga nata gadon ya koma kasuwa. Tambayata ita ce, wannan kasadar tasa ta tun yarinta, ita ce ciwon tun asali ba mu gane ba, ko hali daban ciwo daban? In magani ya kwantar da ciwon, kasadar ta tafi ke nan, ko tana nan tana jira?

MamanHanifa
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara masa sauƙi, ya ba ku ladan jinya. Na karanta har idona ya kawo ruwa.

DanKasuwa82
Allah ya ƙara afuwa. Amma Hajiya, don Allah kada a mayar da kasada ciwo. Shekarata ashirin a kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya yi arziki da tsoro ba. Duk alhajin da kike gani da gidaje, akwai ranar da ya zuba duk abin da ya mallaka a kan kaya ɗaya bai san ko zai fita ba. In aka ce duk yaro mai ƙarfin hali yana ɗauke da ciwo, to rabin kasuwa sai a kai su asibiti. Abin da ya same shi bara daban, zuciyar neman da Allah ya ba shi daban. Ku ba shi jarinsa. Zaman gida ma wani ciwon ne ga ɗan kasuwa.

DalibarHalayya
Malam DanKasuwa82, rabin maganarka gaskiya ce, amma akwai sauran rabin. Ni ilimin halayyar ɗan Adam nake karanta, kuma wannan tambayar ta Yaya masana sun daɗe a kanta.

A 1986 wasu masu bincike biyu a jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Eckblad da Chapman, sun tsara wasu tambayoyi don gano mutanen da lafiyarsu ƙalau amma ɗabi'arsu ta karkata wajen zumuɗi: yawan kuzari, yawan magana, jin cewa sun fi kowa, son shiga komai a lokaci guda. Suka gwada ɗalibai, suka ware waɗanda suka fi kowa maki. Bayan shekara 13 aka sake nemo su, sakamakon ya fito a 2000. Waɗanda suka yi maki mai yawa sun fi sauran kamuwa da baifola da ciwon damuwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a cikin su kansu masu makin, waɗanda suka haɗa da gaggawa da rashin bin ƙa'ida su suka fi shan wahala, har da shaye-shaye da shiga hannun hukuma.

To amma a lura, ba dukkansu ne suka kamu ba. Da yawa sun ci gaba da rayuwarsu ba ciwo. Ke nan halin yana iya zama ƙofa, amma ba kowa ke shiga ta cikinta ba.

DanKasuwa82
To ai kin dawo kan maganata. Da yawa ba su kamu ba.

DalibarHalayya
Ƙanen Yaya ya riga ya kamu, Malam. Maganar yanzu ba ta yaron da ake hasashe ba ce.

Bazazzagi
Ni dai ba na son mu yi saurin yarda da komai daga Turawa. Mutum ya samu riba mai yawa, kwana kaɗan ya birkice. Wannan a wajena hannu ne ko baki. Kasuwa cike take da hassada. An yi masa ruƙiyya kuwa?

BabbarYaya
An yi, Malam. Kwana huɗu ana yi kafin mu tafi asibiti, kuma har yanzu Umma ba ta fasa tofa masa addu'a ba. Amma barci bai zo ba sai da aka yi masa allura.

LikitaNaZaure
Salam. Ni likita ne, ina aiki a ɓangaren ƙwaƙwalwa. Ba zan iya duba mara lafiya ta waya ba, likitansa ya fi ni sanin halin da yake ciki, amma zan faɗi abin da ya shafi kowa.

Malam Bazazzagi, abin da ya ba ka mamaki, wato ciwon ya biyo bayan riba, shi ne ainihin abin da bincike ya nuna. Mutane sun saba jin cewa baƙin ciki ne ke tayar da ciwon ƙwaƙwalwa. Maniya kuwa sau da yawa nasara ce ke tayar da ita: cin jarrabawa, ƙarin girma a wajen aiki, ciniki mai kyau, sa ranar aure. Wata masaniya a Amurka, Sheri Johnson, da abokan aikinta sun bi masu baifola na tsawon watanni, suka ga alamomin maniya sun fi ƙaruwa bayan mutum ya cimma wani buri. Bayanin da ake yi shi ne, a ƙwaƙwalwar kowa akwai tsarin da ke tura shi neman abin da yake so, kuma sinadarin dofamin na da hannu a ciki. Yawancinmu in mun samu abin da muke nema sai mu ɗan sarara, mu ce alhamdulillahi, mu kwanta. Mai wannan larura in ya samu, maimakon ya sarara sai wutar ta ƙara ruruwa. Ya rage barci don ya ƙara nema, rashin barcin kuma ya ƙara hura wutar. Addu'a ba ta hana magani, kuma ban taɓa hana iyalai yi ba. Abin da nake roƙo kawai kada a jinkirta asibiti.

Sai bambancin da Alhaji ɗan kasuwa ke nema. Ɗan kasuwa mai ƙarfin hali yana ganin asarar, ya auna ta, ya ce na yarda. Yana barci. In amininsa ya ce masa dakata, zai iya dakatawa ko da bai ji daɗi ba. Mai maniya ba ya ganin asarar ko kaɗan, a wajensa babu ita. Kuma kasadar ba ta zuwa ita kaɗai. Tana zuwa da rashin buƙatar barci (ba wai yana so ya kasa ba, a'a, awa biyu ta ishe shi kuma ba ya jin gajiya), da magana ba birki, da tunani na tsere, da ganin kai wani babba, da saurin fushi in an tare shi. A ƙa'idarmu sai abin ya kai mako guda, ko ya yi tsananin da sai an kwantar da mutum, kafin mu kira shi maniya. Akwai ƙaramarta da ke kai kwana huɗu, wadda sau da yawa iyali ba sa ganewa, sai dai su ce wane kwana biyun nan yana cikin nishaɗi.

Yaya, ki tuna baya. Lokutan da ya kwashi kayan da kowa ya guda, haka yake kullum, ko yana zuwa ne lokaci-lokaci, tare da ƙarancin barci, sannan ya biyo da makonnin da ba ya son fita?

BabbarYaya
Likita, wallahi ka sa na ajiye waya na yi shiru. Akwai shekarar da ya yi wata biyu a ɗaki bayan wani kaya da ya saya, muka ce asara ce ta dame shi. Amma yanzu da na tuna, a wannan kayan bai yi asara ba. Riba ya ci.

WandaYaGani
Ban yi niyyar magana ba, amma tunda ana maganar irinmu bari in sa baki. Ni ina da wannan ciwon. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka gano, sau uku yana tashi mini.

Abin da na kasa fahimtar da 'yan gidanmu shi ne, lokacin da abin ke kaina ban taɓa jin cewa kasada nake yi ba. Wanda ke kasada gabansa na faɗuwa. Ni gabana bai faɗi ba. Ji nake kamar an yaye mini labule na ga abin da kowa bai gani ba, sauran mutane kuma duk sun yi nauyi, suna tafiya a hankali kamar masu wucewa cikin taɓo. A tashin farko na bar aikin koyarwa da takarda mai layi biyu, na rubuta ta a tsaye a ofishin shugaban makaranta. Na ci bashi wajen mutum bakwai zan buɗe gonar kaji, na sayi 'yan tsaki ɗari biyar kafin in gina musu ɗaki. A falo suka kwana. Har yau in na ji kukan 'yan tsaki sai cikina ya juya. Matata tana kuka tana kwashe waɗanda suka mutu a kwali, ni kuma ina waya ina cinikin wasu ɗari biyar.

Game da tambayar Yaya, zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa ɗan'uwana daɗi ba. Magani ya kashe wutar, amma garwashin yana nan. Ko ina lafiya ƙalau, in aka yi mini albishir na kan ji hannuna na ƙaiƙayi, in so in yanke shawara a take. Abin da ya cece ni dokoki ne da na kafa wa kaina lokacin da nake cikin hankalina. Duk abin da ya wuce wani adadi na kuɗi ba na saya sai ya kwana biyu, kuma sai na gaya wa mutum biyu. In na yi dare biyu a jere ban kai awa biyar ina barci ba, katin banki da makullin babur suna komawa hannun matata, ba gardama, don ni na rubuta na sa hannu. Yau shekara biyar ke nan bai tashi ba, kuma ina sana'ata.

MamanHanifa
Allah ya saka maka da alheri da ka buɗe cikinka. Allah ya saka wa matarka ita ma, ba kowace ce za ta zauna ba.

DalibarHalayya
Abin da WandaYaGani ya kira ƙaiƙayin hannu yana da suna a karatunmu. Wasu masana biyu, Cyders da Smith, sun bayyana shi wajen 2007: gaggawar da ke kama mutum lokacin farin ciki, ba lokacin fushi ba. An auna an ga tana da yawa ga masu baifola ko a lokacin da ciwon yake kwance.

Akwai kuma wani gwaji da ake yi a kwamfuta tun 2002. Ana nuna maka balan-balan, duk hurawa ɗaya ana ƙara maka kuɗi, in ta fashe ka rasa abin da ka tara a kanta, kuma kana iya tsayawa ka karɓi naka duk lokacin da ka so. Abin mamaki, da aka riƙa gwada masu baifola da irin waɗannan wasannin, sakamakon bai zo iri ɗaya ba, wani binciken ya ga bambanci wani bai gani ba. Ni fahimtata, mutum a zaune a ɗaki mai sanyi zuciyarsa kwance yana iya lissafi kamar kowa. Matsalar tana fitowa ne in zuciya ta ɗauki zafi. Shi ya sa dokar kwana biyu ɗin nan ta burge ni.

Direban_Dare
Ku yi haƙuri in karkatar da maganar kaɗan. A tasha ina ganin yara suna irin wannan, ba barci, surutu, gudu da mota kamar ba gobe. Amma su tiramol ne da sauran ƙwayoyi. Yaya, kin tabbata ba ya shan komai? Ba zargi ba ne, tambaya ce.

BabbarYaya
An gwada fitsarinsa ranar da aka kwantar da shi, ba a ga komai ba. Ko sigari ba ya sha.

LikitaNaZaure
Tambayar direba tana kan hanya, mu ma ita muke fara yi. Ƙwayoyi na iya kawo abin da ya yi kama da maniya, kuma suna iya tayar da ita ga wanda dama yake ɗauke da ita. Abin yana tafiya ta ɓangare biyu, don masu baifola sun fi sauran jama'a faɗawa shaye-shaye, wani don ya samu barci, wani don kasadar ta ja shi. Ba ƙwayar tasha kaɗai ba. Magunguna irin su dezametazon da firedinisolon, waɗanda wasu mata ke sha ba bisa ƙa'ida ba don su yi ƙiba, suna iya birkita mutum haka. Ciwon maƙoƙo mai sa sinadarin tayirod ya yi yawa shi ma haka. Har maganin ciwon damuwa, in aka ba mai baifola shi kaɗai ba tare da maganin daidaita yanayi ba, yana iya cilla shi cikin maniya.

Wani abu da ke nuna cewa kasada ba tarbiyya ce kaɗai ba: akwai magungunan da ake ba masu ciwon karkarwa na Fakinsin, masu aiki kamar dofamin. An ga dattawan da ba su taɓa caca ba a rayuwarsu sun fara ta bayan an ɗora su a kan maganin, da aka rage kuma suka daina.

UwarBiyu
Ni ta wajen haihuwa na san abin nan. Ƙanwata kwana biyar da haihuwar fari ta daina barci, ta tashi tana rabar da kayan ɗakinta, har zannuwan lefe, ta ce za ta tafi Makka a ƙafa da jaririn. Tsofaffi suka ce iskar jego ce, a ƙara mata ruwan wanka. Mijinta ne ya yi tsaye ya kai ta asibiti. Daga baya muka gano kakarmu ta wajen uwa ma ta taɓa yin irinsa, an ɓoye mana ne kawai. Yaya, ku bincika danginku. Kuma in ya tashi aure kada a ɓoye wa yarinyar.

Bazazzagi
In aka faɗa wa zai ba shi 'yarsa? Ku ma kun san garin nan. Da an ji kalmar asibitin ƙwaƙwalwa shi ke nan, har ƙannensa mata sai abin ya shafa.

UwarBiyu
In aka ɓoye kuma ranar da ya tashi cikin dare ita kaɗai a ɗaki fa? Ba ta san alamun ba, ba ta san maganin ba, ba ta san wa za ta kira ba. Dubi WandaYaGani, matarsa ce ke riƙe masa makulli. Da an ɓoye mata da yaya za ta yi?

MalamNaTsangaya
Bismillah. Maganar ɓoye aibi a aure malamai sun yi bayani, kuma taɓin hankali na cikin abubuwan da ke ba ɗayan ma'aurata zaɓi in an ɓoye masa. Gaskiya ta fi.

Amma ni maganar dukiyar nake so in taɓa, don ita ce tambayar farko. A Suratun Nisa'i, aya ta 5, Allah ya hana a miƙa dukiya ga wanda ba zai iya tattalinta ba, ya ce a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Aya ta 6 da ke biye, a kan marayu, ta ce a jarraba su, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Ku dubi hikimar: ba a ce a hana har abada ba, ba a kuma ce a miƙa da ka ba. An ce a gwada. Malaman fiƙihu sun san mai taɓin da ke zuwa yana tafiya, sun ce lokacin da ya farfaɗo hukuncinsa na mai hankali ne. Don haka wulaƙanta shi yanzu zalunci ne. Sannan filin da ya sayar yana cikin wancan hali, ku je wajen alƙali ko malamin da ya san mu'amala da takardar asibiti, don cinikin wanda hankalinsa ya gushe akwai magana a kansa.

BabbarYaya
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Maganar filin ba mu taɓa tunanin akwai abin yi ba. Wanda ya saya ya san halin da yake ciki sarai, unguwarmu ɗaya.

DanMaradi
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan matsalarmu likitocin wannan fanni kaɗan ne ƙwarai, mutum sai ya yi doguwar tafiya. Wani ɗan'uwan babana shekaru aka yi ana ɗaure shi da mari duk lokacin da abin ya motsa, don ya taɓa sayar da shanun gidan gaba ɗaya a kasuwa rana guda. In ya lafa a kwance shi ya koma gona kamar ba shi ba. Ya rasu ba a taɓa kai shi asibiti ba. Da na karanta bayanin Likita sai na gane abin da ke damunsa ke nan. Har yau ana kiran shanun in an tuna shi, ba a kiran ciwon.

LikitaNaZaure
Allah ya jiƙansa. Irinsa suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke da baifola a 2019, kuma galibi tana fara bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu. Gado na da ƙarfi a cikinta, kamar yadda UwarBiyu ta lura, amma yawancin 'ya'yan masu ita ba sa kamuwa. A Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. Kuma tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, sabuwar kuma ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi.

Yaya, wane magani yake sha? Ina tambaya ne saboda azumi da zafi.

BabbarYaya
Litiyam, da wani ƙarami da dare. Duk bayan 'yan watanni ana ɗibar jininsa.

LikitaNaZaure
Madalla. Litiyam tsohon magani ne, wani likita a Ostareliya, John Cade, ya wallafa sakamakon gwada shi a kan maniya a 1949, kuma har yau yana cikin mafi inganci, yana ma rage haɗarin mutum ya cutar da kansa. Amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ƙarama ce. In jiki ya bushe, ko don zafin bazara a kasuwa, ko gudawa, ko azumi, yana taruwa a jini. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen su ma suna ƙara shi, kada ya saya a kemis da kansa. In kun ga karkarwa mai yawa, amai, tangaɗi ko harshe na sarƙewa, asibiti nan take. Kafin Ramadan ya zauna da likitansa a tsara, don ba ƙishirwa kaɗai ba, sauyin barci na sahur da tahajjud ma abin lura ne. Ga mata kuma, akwai wani maganin, balfurowet, da ke illa ga ɗan tayi, duk mai shan sa ta yi magana da likita kafin ciki.

Abu na ƙarshe, ku sa ido bayan saukowa. Lokacin da mutum ya farka ya ga filin ya tafi, ga bashi, ga kunyar unguwa, lokacin ne damuwa ke danne shi. In ya fara maganar gara ya mutu ko ya zame muku kaya, kada ku ɗauka magana ce kawai.

WandaYaGani
Wannan gaskiya ne. Tashin bai kai saukowar ciwo ba. Wata shida ina zagayawa ta bayan layi don kada in haɗu da waɗanda ke bina bashi. Kuma Yaya, wani abu da ba a faɗa: za ki ga ranar da zai ce ya warke ya daina magani. Ba taurin kai ba ne kawai. Mutum yana kewar wancan hasken. Ni sau biyu na daina, sau biyu na koma asibiti.

DanKasuwa82
Na karanta duka, kuma na yarda ban san abin ya kai haka ba. Amma har yanzu ina kan cewa kada a zaunar da shi. Ga yadda muke yi wa yaron da ba mu gama yarda da hannunsa ba: ba a ba shi kuɗi, kaya ake ba shi. A samu babba a layinsu ya riƙa sakar masa atamfa kaɗan-kaɗan, ya sayar ya kawo, a yi lissafi duk Alhamis. Kuɗin mahaifiyarku su zauna wajen babban, shi ya riƙa juya kaya. In ya yi shekara lafiya a ƙara. Idon da yake da shi na gane kayan da za su tafi, wannan ba ciwo ne ya ba shi ba, kuma asara ce a bar shi ya mutu.

DalibarHalayya
Wannan shawarar ta fi ta farko nesa ba kusa ba, Alhaji. Sai dai ina da fargaba ɗaya. In nasara ce ke tayar masa, to ranar da ciniki ya yi kyau ita ce ranar haɗari, kuma ita ce ranar da kowa zai saki jiki yana murna. Wa zai tuna ya tambaye shi barcinsa a ranar?

HajiyaTaGwale
Ni ban yarda a taɓa gadon uwar ba sam. Tsohuwa ce, in ya tafi ba ta da wani. 'Yan'uwa su haɗa masa abin da in ya salwanta ba wanda zai kwana da yunwa. Kuma ku tambaye shi shi kansa, tun ɗazu muna ta yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

BabbarYaya
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na ba shi wayar ya karanta da kansa. Ya daɗe a kan rubutun WandaYaGani, ya karanta wajen 'yan tsakin nan sau biyu. Ya ce ya yarda da maganar kaya maimakon kuɗi, ya kuma yarda da dokar barci, amma katin banki ba zai ba ni ba, sai dai Umma, wai ni na cika faɗa. Maganar hawa bishiya kuwa ya ce wannan shi ne, ba ciwo ba ne, kada mu ƙwace masa har yarintarsa. Ban san me zan ce masa ba. Umma kuma ta ce ita kuɗinta ne, in ta ga dama ta ba ɗanta, ba ta son a sa wani babba a tsakani. Ranar Litinin muke da ganin likita, zan roƙe shi ya yi mata bayani da bakinsa.

WandaYaGani
Ki bar masa bishiyar, Yaya. Katin kuma ko a hannun wa yake, a rubuta a takarda tun yanzu, shi ya sa hannu. In kin dawo ranar Litinin ki gaya mana yadda aka yi da Umma.

Direban_Dare
Likita, in mutum aikinsa na dare ne kamar nawa, kuma akwai irin wannan a danginsu, ya bar aikin ne ko yaya?